Na'urar Gane Mutum

Duk wanda ya san layin masu gyara a unguwar Congo-Russia da ke Jos kafin rikicin ƙarshen 2008 ya san Uzairu, in ma bai san sunansa ba to ya san muryarsa. Siriri ne mai ɗan gemu, Allah ya ba shi hannu mai kyau ya kuma haɗa masa da baki marar birki. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos, babansa tela ne, shi kuwa tun yana firamare ya warware rediyon gidansu, ya sha duka, ya mayar da ita tana magana da ragowar sukurori a aljihunsa. Daga nan aka san ba za a samu tela a jikinsa ba. Ya girma ya kama shago yana gyaran rediyo da talabijin, ya auri Rahma, suka haifi Kausar. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, amma yana da nasa ciwon.

Ciwon nasa wani shirin Turawa ne mai dogon zango, na mutanen da ke yawo a jirgi tsakanin taurari suna haɗuwa da halittun wasu duniyoyi. Maƙwabcinsa Akanni mai ɗaukar hoto ne ke samo faya-fayan a kasuwa. Kowace Asabar bayan la'asar Uzairu zai ture aikin mutane gefe, ya tayar da janareta, ya zaɓi talabijin mafi kyau cikin waɗanda aka kawo gyara, ya ce ai gwaji yake yi.

A irin wannan gwajin ne Badung ya shigo rayuwarsa. Ɗan Birom ne, ma'aikacin gidan waya, mazaunin Daɗin Kowa, mutum mai jiki da maganar ƙasa-ƙasa. Ya zo karɓar talabijin ɗinsa ya tarar ana kallo a cikinta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga jirgi ya fashe a sararin sama da ƙara kamar aradu, sai ya ce wannan ƙarya ne, inda babu iska ƙara ba ta tafiya. Uzairu ya juyo ya tambaye shi yaushe ya je can ya saurara. Badung ya jawo benci ya zauna don ya ba da amsa, kuma sai da ya shekara biyar yana ba da ita.

Gardamar tasu ba ta da gindi balle reshe. Badung ya ce ina dalilin da kowace halittar sama ke da ƙafa biyu, tana kuma jin Turanci kamar ta yi makarantar mishan. Uzairu ya ce Allah Ubangijin talikai ne, ba na wannan duniya kaɗai ba, kuma wanda ya iya ƙetare taurari koyon Turanci ba zai gagare shi ba. Badung ya ce mutanen da suka ƙera irin wannan jirgi, me ya sa da an taɓa su sai wayoyinsu su yi ta tartsatsi kamar turken wutar unguwa. Uzairu ya zaro wayar salula daga aljihu ya kaɗa masa a hanci, ya ce da can wa zai yarda za a yi magana da Legas ba tare da igiya ba. Akanni dai sai ya yi ta cin gyaɗa yana zuga wanda ya ga ya fara sanyi. In an kira magariba Uzairu ya tafi masallaci, Badung ya tsare masa shago, yana dawowa su ɗora daga inda suka tsaya. Rahma takan ce da auren gardama ake yi, da tuni an kai sadaki Daɗin Kowa.

Abin da ya fi raba su shi ne wata 'yar na'ura da likitan jirgin ke riƙewa. A shirin akwai halittun da ke shiga siffar mutane su saje da su, to in aka ɗora wa na'urar hannu, mutum na gaske sai ta kawo kore, baƙon halitta kuwa ja. Badung ya ce ko a mafarki ba za a yi ƙarfen da zai san mutum ba. Uzairu ya ce jikin ɗan Adam yana da wutarsa, kuma duk abin da ke da wuta ana iya auna shi. A Asabar ɗin ƙarshe da suka zauna tare har rantsuwa ya yi cewa zai ƙera ta da hannunsa, ya sa Badung ya haɗiye maganarsa ba ruwa.

Mako bai zagayo ba garin ya kama da wuta. Ba sai an sake faɗin abin da ya faru ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Shagon Uzairu ya ƙone da talabijin ɗin mutane a ciki. Akanni ya kwashe iyalinsa ya koma Ogbomosho. Uzairu ya tsira da iyalinsa da akwatin kayan aiki, ya samu wata 'yar rumfa a Titin Bauchi kusa da famfon wani masallaci, ya sake farawa. Gari ya rabu, kowa ya san titin da ƙafarsa ba ta takawa.

Badung ya kira shi a waya ya yi masa jaje, shi ma ya kira ya tambayi Immaculata matar Badung da yara. Daga nan kiran ya zama na lafiya lau, ya iyali, a gaishe su, sai anjima. Wannan ladabin ne ya fi ƙona wa Uzairu rai fiye da shagon. Mutumin da ya saba ce masa maƙaryaci sau goma kafin a kira salla, yanzu yana gaishe shi kamar suruki. Uzairu ya yi kewarsa ƙwarai, amma irin mutanen nan ne da za su iya haɗa rediyo a cikin duhu, su kasa haɗa kalma huɗu su ce na yi kewarka. Sai ya yanke shawarar ya ƙera na'urar ya kai masa har gida. In Badung ya ganta ya ce ƙarya ce, to abotarsu tana nan da ranta.

Ya samo ƙoƙon wata tsohuwar rediyon aljihu, ya liƙa mata faranti biyu na ƙarfe a sama, ya sa batir da ƙananan ƙwayayen fitila biyu, kore da ja. Ya ɗora yatsunsa, ta kawo kore. Ya kai wa Rahma tana tsakiyar wanke-wanke, kore. Ya tare masu fitowa daga alwala a bakin famfo ɗaya bayan ɗaya, duk kore. Ya ɗora mata katako, da takalmi, da 'yar tsanar Kausar, duk ta kawo ja. Ranar har rawa ya taka a rumfa.

Rahma ba ta yi rawa ba. Ta ce in ziyara zai je ya sayi lemo ko ayaba kamar kowa, amma a wannan zamani ba a ratsa gari da abu mai wayoyi a jaka.

"Baban Kausar, mutane a tsorace suke. Ka kira shi ka ce kana tafe mana."

Ya ce in ya kira, Badung zai ce a bari gari ya ƙara lafawa, kuma haka za a yi ta bari har su tsufa. Zumunci a ƙafa yake. Ta ce ƙafar ma sai da rai take tafiya. Ya naɗe na'urar a tsumma ya sa a jakar leda.

Ranar Asabar da hantsi ya hau bas. Da suka wuce tsakiyar gari suka nufi kudu sai ya lura shi kaɗai ne mai hula a motar. Ya kai hannu zai cire, kunya ta kama shi, ya bar ta. Can gaba kaɗan ya cire ta ya cusa a aljihu, kunyar ta ƙaru. Babu wanda ya ce masa komai, amma hirar da ake yi kafin ya shigo ba ta dawo ba.

Ya sauka a Daɗin Kowa ya tarar an gitta gungumen itace da tayoyi a bakin layin su Badung. Samarin unguwa ne ke gadi, kamar yadda samarin tasu unguwar ke yi a can. Babbansu wani ƙaƙƙarfa ne mai buga bulo da suke kira Bot, hannuwansa fari fat da siminti. Ya tambaye shi wurin wa ya zo, Uzairu ya faɗa. Ya tambayi sunansa, ya faɗa, sai samarin da ke zaune a kan gungumen suka miƙe. Bot ya karɓi ledar ya warware tsumman.

"Oga, wannan fa? Me yana yi?"

Da Uzairu ya ce rediyo ce ya kawo gyara, da watakila an wuce wurin. Amma wata biyu yana jiran wanda zai yi masa wannan tambaya, kuma baki shi ke yanka wuya.

"Na'ura ce. Tana gane mutum da wanda ba mutum ba."

Ya ji maganar a kunnensa bayan ta riga ta fita. Ya yi sauri ya fara bayanin jirgi da taurari da likita, yana yi yana ganin babu mai bin sa. Bot ya ce ya gwada su gani. Uzairu ya ɗora yatsunsa, tafinsa sharkaf da gumi, ta kawo kore. Bot ya ɗora nasa, ta kawo ja.

Wani saurayi ya matso ya ɗora, ja. Na uku ma ja. Aka sake cewa Uzairu ya ɗora, kore ya haska tar. Wurin ya yi tsit, har ana jin rediyon wani gida tana waƙar coci. Uzairu ya dubi abin da ya ƙera da hannunsa, ya rasa abin da ya same shi.

Mutane sun fara taruwa. Wata mata mai tallan tumatir ta sauke tirenta ta ce dama an faɗa, akwai injin da ake yawo da shi ana tantance mutane kafin a dawo da dare. Wani ya ce a tambaye shi gida nawa ya riga ya auna. Wani ya lalubo hular daga aljihunsa ya ɗaga ta sama, ya ce ga shi har ɓoye kama ya yi. Ba mugaye ba ne, yawancinsu sun binne wani a watannin nan, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma Uzairu ya san abin da taro ke iya yi in ya tsorata, don ya gani da idonsa a nasu ɓangaren. Aka zaunar da shi a ƙasa ya jingina da taya. Wani ya ɗauko gora ya tsaya a kansa.

Bot ya hana a taɓa shi tukuna. Ya ce tunda ya ambaci Baba Badung, a je a kira shi. In ya san shi, to. In bai san shi ba, shi ke nan.

Wannan jiran shi ne abu mafi tsawo da Uzairu ya taɓa yi. Yana hango ƙofar gidan daga inda yake, koriya ce mai tsatsa a ƙasa. Ya fara lissafin abin da bai lissafa ba a Titin Bauchi. Badung a nan yake kwana, a nan matarsa ke zuwa kasuwa, a nan 'ya'yansa ke wasa. In ya fito ya ce wannan nawa ne, gobe shi za a riƙa nunawa da baki. In ya ce a gaya musu ba ya gida, babu wanda zai zarge shi. Uzairu ya tuna gaisuwar nan ta lafiya lau, ya iyali. Tsoron gorar yana nan, amma tsoron kada ƙofar nan ta ƙi buɗewa ya fi shi.

Ta buɗe. Badung ya fito da singileti da silifas, Immaculata na biye da shi tana riƙe masa hannu yana fizgewa. Ya rame, furfura ta ƙaru. Ya ratsa taron a hankali, bai dubi Uzairu ba, bai gaishe shi ba. Ya miƙa hannu Bot ya ba shi na'urar, ya juya ta gaba da baya, aka ba shi labarin kore da ja. Ya ɗora yatsunsa, ta kawo ja. Taron ya yi guna-guni.

Sai a lokacin ya dubi ƙasa inda abokinsa ke zaune.

"Injiniya. Wannan ne abin da ka yi rantsuwa a kai?"

Uzairu ya ɗaga kai alamar e.

"A kan wa da wa ka gwada?"

Ya faɗa masa da muryar da shi kansa bai gane ba: shi, da Rahma tana wanke-wanke, da mutanen bakin famfo. Badung ya rufe ido ya girgiza kai, irin girgizawar da Uzairu ya sani tun a benci. Ya ce a kawo masa ruwa. Aka miƙo ledar ruwa, ya fasa da haƙori, ya kama hannun Bot ya zuba masa, ya ɗora a kan farantan. Kore. Ya jiƙa nasa, kore. Ya sunkuya kan tiren matar nan ya ɗauki tumatir ɗaya, ya raba shi biyu, ya danna a kan ƙarfen. Ƙwan kore ya haska kamar ya ga sarki.

"To ga ɗan'uwanku," in ji Badung, ya ɗaga tumatirin. "Shi ma mutum ne."

Wani ya yi dariya a baya, gajeriya, ya haɗiye ta. Badung bai tsaya ba. Ya juya kan Uzairu ya wanke shi tas a gaban jama'a. Ya ce shekara biyar yana fama da wannan mutum, wanda ya yarda akwai masu kai kamar kabewa a bayan wata, wanda ke kallon fim a talabijin ɗin mutane ya ce gwaji ne. Ya ce abin da ya ƙera ba ya gane komai sai laima, mai buga bulo da hannunsa ya bushe da siminti da sanyi ba zai taɓa samun kore ba ko da shi ne limamin coci. Ya ce wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne, wawa ne kawai, kuma wawansa ne, shi ya san shi, ya san matarsa, ya ci tuwo a gidansa.

Bot bai gamsu duka ba. Ya ce shi mai abin ya faɗa da bakinsa. Uzairu, wanda tunda aka haife shi ba a taɓa jin ya sauka daga kan magana ba, ya dubi gorar, ya dubi Badung.

"Ba ta gane mutum. Ƙarya na yi. Ba za a iya ƙera ta ba."

Bot ya sa dunduniya ya murƙushe na'urar, ya tona cikinta da tsinke ya ga babu komai sai batir da 'yan wayoyi. Aka jefo wa Uzairu hularsa. Taron ya fara watsewa, amma ba duka ba, kuma waɗanda suka rage Badung suke kallo, ba baƙon ba. Wani dattijo ya ce masa a hankali, cikin yarensu, wata magana da ta sa Immaculata ta sunkuyar da kai ta koma gida.

Badung bai kai shi gidan ba. Ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya riƙe hannun bai saki ba har bakin titi, a gaban kowa. Zuciyar Uzairu ta cika da murna, don an ce masa wawa, an ƙaryata aikinsa, abin da ya zo nema ke nan. Suna tsaye suna jiran mota har bakinsa ya fara dawowa. Ya ce ai matsalar farantan ne, in aka samu ƙarfe mai kyau aka auna zafin jini maimakon laima, to Asabar mai zuwa zai kawo wata.

Ya jira a ce masa ƙarya ne. Badung ya ci gaba da kallon titi. Da bas ta tsaya sai ya juyo, idanunsa sun yi ja.

"Uzairu, kar ka sake zuwa. Yau na iya. Ban sani ba ko zan iya sau biyu."

Ya tura shi cikin motar da kansa, ya rufe ƙofa, ya ce wa direba ya sauke shi a tsakiyar gari. Uzairu ya leƙo ta taga. Motar ta tashi. Ya ga Badung ya juya ya nufi gungumen nan shi kaɗai, da silifas ɗinsa, inda maƙwabtansa ke tsaye suna jiransa.